Daga dafaffe zuwa cantato: littafin aikin katunana

Asabar, 4 Janairu 2025

Yau na fara. Ƙanena da ke aiki a Brescia, a arewacin Italiya, ya ce in Allah ya kai mu babban hutu zai kawo iyalinsa Damagaram. 'Yarsa ta fari shekararta tara, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "na ƙoshi" ba, Italiyanci ne a bakinta. Ba na so ta zo gidan kakanninta mu zauna muna kallon juna sai an nemo mana tafinta. Shi ya sa tun watan jiya na fara taɓa Italiyanci a waya.

Abin da ya sa na buɗe wannan littafi kuwa wani abu ne da ya tsaya mini a rai. Shekara goma sha huɗu ina koyar da Faransanci, kullum ina rubuta chanté, aimé, lavé a allo, daga aikatau na rera waƙa da so da wankewa. Da na shiga Italiyanci sai na tarar da cantato, amato, lavato. Duk inda Bafaranshe ya sa -é a ƙarshen aikatau, mutumin Italiya -ato yake sawa. Na leƙa Sifaniyanci da harshen Fotugal, na ga cantado, amado, lavado. Ɗafa-ƙeya ɗaya ce, wato ƙarin da ke manne a ƙarshen kalma, -atus ta Latin ta cikin cantatus da amatus, kowane harshe ya gaje ta ya sarrafa ta da bakinsa. Aikinta biyu: tana mayar da aikatau sifa, kuma da ita ake gina lokacin da ya shuɗe.

Niyyata in yi kati 200, kowane aikatau da katinsa. A gaba harsuna huɗu, kowanne da launin tawadarsa, a baya asalin kalmar a Latin da ma'anarta a Hausa. Na sayi kwali fari guda shida, mai shagon hoto ya yanka mini su daidai tafin hannu, jika biyu na sefa. Alƙaluma masu launi huɗu, jika ɗaya. Wani tsohon littafin nahawun Italiyanci da aka rubuta da Faransanci, a wurin mai baza littattafai a bakin kasuwa, jika uku bayan ciniki. Maiɗakina ta ba ni gwangwanin biskit da ya ƙare in riƙa zuba su.

Talata, 7 Janairu

Kati 22, duka masu ƙarewa da -are a Italiyanci. Babu wanda ya ba ni wahala. Sanyi ya hana zaman tsakar gida, a ɗaki na yi.

Asabar, 11 Janairu

Ina zaune a zaure da safe ina tunanin me zan rubuta a bayan katin cuocere, wato dafa, sai yarinya mai talla ta sauke farantinta a bakin ƙofa. Na ce me kika kawo? Ta ce dafaffen rogo da dafaffiyar gyaɗa, in kuma ƙwai nake so, dafaffu suna wurin yayarta. Na saki alƙalami ina kallonta. Yarinyar da ba ta taɓa jin sunan nahawu ba ta jera mini dafaffe, dafaffiya, dafaffu a numfashi ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ai abin da nake nema ke nan. Mu ma muna ciro sifa daga aikatau, sai dai mu maimaita baƙin ƙarshe na saiwar kalma muke yi: wanke ya ba da wankakke, rufe ya ba da rufaffe, gyara ya ba da gyararre. Kuma sifar tana bin jinsi da adadin abin da take sifantawa, kamar yadda lavato, lavata, lavati, lavate suke yi. Bambancin kawai, jam'inmu ɗaya ne ga maza da mata, wankakku, su kuwa sun raba shi biyu.

Har da wani ƙaramin abu da ya faranta mini rai. A rubutacce da rubutacciya, t ɗin rubuta ya koma c, amma a jam'i ya dawo: rubutattu. Haka gasasshe da gasassu. Irin wannan ɓuya da bayyana na baƙi akwai shi a can ma. A harshen Kataloniya namiji cantat ne, tamace cantada. A Faransanci ba a jin t ɗin fait, sai an zo faite yake fitowa.

Na sake shawara: bayan kowane kati zai ɗauki sifar Hausa guda uku, ba ma'ana kaɗai ba. Na koma kan 22 ɗin farko na ƙara musu. Na sayi gyaɗar ta dala ashirin.

Lahadi, 12 Janairu

Yini guda a kan tambaya ɗaya: me ya sa t a Italiya, d a Sifaniya, a Faransa kuma babu komai?

Amsar tana ga wurin da baƙin ya zauna. A -atus, t yana tsakanin wasula biyu, kuma baƙin da wasula suka sa a tsakiya yakan yi laushi a bakin mutane. A yammacin tsohuwar daular Rum ya yi laushi ya zama d, a tsakiya da kudancin Italiya da Romaniya ya tsaya da ƙarfinsa. Masana sun ja layi a taswirar Italiya daga La Spezia a gaɓar yamma zuwa Rimini a gaɓar gabas, kuma sunan Walther von Wartburg, masanin nan ɗan Suwizalan, shi aka fi haɗawa da wannan rabo. Daidaitaccen Italiyanci a kan harshen Firenze aka gina shi, wanda ke kudu da layin, shi ya sa ya riƙe t. Abin bai tsaya ga aikatau ba. Vita, rayuwa, ta zama vida a Sifaniya da Fotugal, vie a Faransa. Pratum, fadama ko makiyaya, ya zama prato, prado, pré. Akwai 'yan kalmomin da suka ƙetare layi, kamar strada, hanya, wadda ta fito daga strata amma tana da d a Italiyanci.

Faransanci ne ya fi kowa nisa. Ya mayar da a mai nauyi ta zama e, kamar yadda mare ya zama mer, sal ya zama sel, sa'an nan t ya zama d, d ya narke ya ɓace. Abin da ya fi taɓa ni, an kama shi a tsakiyar hanya. A wata gajeriyar waƙar addini kan waliyyiya Eulalie, wadda aka rubuta wajen shekara ta 880, rubutun kuma yana ajiye a garin Valenciennes na Faransa, akwai kalmar presentede. Yau présentée ake rubutawa. Ga d ɗin nan a zaune, bai riga ya tafi ba. Kuma irin wannan tafiya tana kan faruwa yanzu a Sifaniyanci: a Andalus da tsibiran Karibiyan, da ma hirar yau da kullum a wurare da yawa, cansado ana furta shi cansao.

Kuɗin intanet na wannan mako jika ɗaya, rabinsa yau ya tafi.

Asabar, 18 Janairu

Kuskure na farko. Da na ga dokar tana aiki sai na fara ganin ta ko'ina. Na ɗauko duk kalmar da ta ƙare da -ado ko -ato na yi mata kati, har da sábado da sabato. Na daɗe ina neman aikatau ɗin da ya haife su, babu. Kalmar ba ta da alaƙa da ɗafa-ƙeyar nan ko kaɗan. Sabbatum ce ta Latin, ita ma aro ce daga sunan ranar hutu ta Yahudawa, tushen da ya ba Larabci as-sabt, mu kuma muka samu Asabar. Alamar tana nan a fili ban lura ba: a cantado nauyin murya a kan -a- na ɗafa-ƙeya yake, a sábado kuwa a gaɓar farko, shi ya sa ma aka ɗora masa alama. Kwana uku ina furta shi ba daidai ba. Lado, gefe, shi ma ba ya ciki.

Na cire kati biyar. Daga yau kati ba zai shiga gwangwani ba sai na ga uwar aikatau ɗinsa ko sunan da ya fito daga gare shi da idona.

Lahadi, 19 Janairu

Mun yi waya da ƙanena bayan la'asar, ya miƙa wa 'yarsa. Na shirya jimlata tun safe, na maimaita ta ya fi sau goma. Na ce mata, "Sei andato a scuola ieri?" wato kin je makaranta jiya? Ta yi shiru kaɗan, sai na ji muryarta ƙarama: "Baffa, andata. Sono andata." Uban ya karɓa ya ce, "Yaya, ka mayar da ita namiji."

Gaskiyarta. A Italiyanci aikatau na tafiya da zuwa da zama, irin andare, venire, partire, da essere, wato kasancewa, suke gina lokacin da ya shuɗe, kuma sifar dole ta bi mai aikin. Namiji ya ce sono andato, mace ta ce sono andata. Na san wannan doka sarai a Faransanci, je suis allé da je suis allée, ina cire wa yara maki a kanta. Amma a Faransanci kunne ba ya jin bambancin, ido kaɗai ke gani, saboda haka bakina bai taɓa koyon ta ba, hannuna ne kawai ya koya. A Italiyanci kuwa abin a fili yake kamar ka ce wa mace "kai gajiyayye ne."

Wannan ne karo na farko da ta gyara mini magana, kuma karo na farko da ta kira ni Baffa ba tare da an ce mata ta faɗa ba.

Alhamis, 23 Janairu

Babbar ɓarna, kuma ni na jawo ta da gaggawa. Na shiga rukuni na biyu da na uku. Italiyanci yana da ƙarshe uku, -ato, -uto, -ito, Faransanci ma uku, -é, -u, -i: venduto da vendu, dormito da dormi. Sai na ɗauka Sifaniyanci ma haka zai yi, in mayar da t ta zama d kawai. Na zauna na cika kati goma sha huɗu da vendudo, tenudo, sabudo, ban duba ƙamus ba. Da na zo dubawa, ko ɗaya babu. Vendido, tenido, sabido. Sifaniyanci da harshen Fotugal ƙarshe biyu kawai suke da shi yau, -ado da -ido.

Raina ya ɓaci, amma da na bi sawun abin sai na samu labari mai daɗi. A Latin na littafi, -utus ba ta da yawa, tana cikin 'yan kalmomi irin minutus da statutus. A bakin talakawa ne ta bazu ta shiga aikatau da yawa, ta ba da avuto a Italiya, eu a Faransa, avut a Romaniya. Ta shiga Sifaniya ma. A rubuce-rubucen ƙarni na 13 ana samun tenudo da ire-irensa, daga baya -ido ya ture su. Ashe abin da na rubuta ya taɓa zama daidai, shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Harshen Fotugal ya ajiye shaida guda a fili: abin da ke cikin wani abu, contenuto a Italiyanci, contenu a Faransanci, contenido a Sifaniyanci, amma conteúdo a Fotugal da Birazil.

Inda -udo ya rayu sosai shi ne wurin sifanta mutum da abin da yake da shi da yawa: barbudo mai gemu, peludo mai gashi, orejudo mai manyan kunnuwa. Faransanci na da barbu da poilu, Italiyanci barbuto. A nan ɗafa-ƙeyar a jikin suna take manne, babu wani aikatau a tsakani. Latin ma ya yi haka da -atus: barbatus mai gemu, alatus mai fiffike, dentatus mai haƙora. Na yi ta neman makamancinsa a Hausa har na kwanta, sai can cikin dare lafiyayye ya faɗo mini. Daga sunan lafiya aka gina shi, da ƙirar dafaffe.

Katunan goma sha huɗu na manna musu takarda a kan layin da ya ɓaci. Ba su yi kyau ba, amma kwali ba ya isa a zubar.

Lahadi, 26 Janairu

Kati 96. Aikin alamomi na yi yau. Sifaniyanci na ɗora alama a leído, caído, oído, amma ba ya sawa a construido. Harshen Fotugal kuwa construído yake rubutawa, da alama. Sai an duba kowanne ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 1 Fabrairu

Na bar gwangwanin a buɗe a kan tabarma na tafi sallar magariba. Ƙaramin ɗana ya zo wucewa da buta cike, ya yi tuntuɓe da gefen tabarmar, ruwan ya tafi kai tsaye cikin gwangwani. Ya tsorata bai faɗa wa kowa ba, ya mayar da murfi ya rufe. Sai bayan isha'i na buɗe. Tawadar alƙaluman nan masu launi ba ta jure ruwa. Ja da kore da shuɗi sun haɗu sun zama launi ɗaya, katunan ƙasa sun manne da juna kamar waina. Na ɓamɓare su a hankali da bakin wuƙa, na shanya a kan gado da akwati da bakin taga. Cikin 118, guda 47 ba sa karantuwa.

Yaron yana laɓe a bayan uwarsa yana kuka. Ban taɓa shi ba. Na zaunar da shi na ce masa ɓarin ruwa ba laifi ba ne, rufewar da ya yi ce ta ƙara ɓarnar, don da an buɗe da wuri da rabinsu sun tsira. Ni ma na bar abu a inda bai kamata ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne bayan katunan. Gaba ana iya sake kwafowa daga ƙamus, amma sifofin Hausa da na zauna na zaɓo ɗaya-ɗaya, wasu har sai da na tambayi tsofaffi ko ana faɗinsu, ba ni da su a wani wuri.

Lahadi, 2 Fabrairu

Kwali biyu da yanka, dala ɗari da arba'in. Bik huɗu masu launi, dala sittin. Littafin rubutu mai shafi ɗari, dala sittin, domin daga yau komai sai ya fara shiga littafi kafin ya hau kati. Na sake 19. Yaron ne ke miƙo mini kwali.

Asabar, 8 Fabrairu

Na gama maye waɗanda suka lalace, na shiga masu taurin kai, waɗanda ba sa bin -ato ko -ito. Na zaci haddar tsiya za a yi, sai na ga su ma suna da tsari, tsarin ne ya girmi dokar. A Latin ɗin kansa gajeru ne, t ɗin a jikin saiwa yake babu wasali a tsakani: factus, dictus, scriptus, apertus, ruptus. Abin da ya samu ct a kowane harshe shi ya samu masu ct a cikinsu, irin factus. Dare, madara da takwas a Italiyanci notte, latte, otto, saboda haka factus ya zama fatto. A Sifaniyanci noche, leche, ocho, sai ya zama hecho. A Fotugal noite, leite, oito, sai feito. A Faransa nuit, lait, huit, sai fait. Da na jera su a shafi ɗaya, kati kusan talatin suka daina zama baƙi a wurina. Romaniyanci ya yi nasa: noapte, lapte, opt, kuma ya ajiye fapt a matsayin suna, amma a aikatau ya sake ƙera făcut da ƙarshen nan -ut.

Katin dafa da na bari tun ranar mai talla yau ya cika. Coctus ya ba da cotto, cuit, da copt a Romaniya. Sifaniya da Fotugal sun sake gini, cocido da cozido. Ina rubutawa idona ya sauka a kan murfin gwangwanin. Biscuit, biscotto, bizcocho: bis sau biyu, sauran kuma dafaffe. Abin da aka gasa sau biyu don ya bushe ya daɗe. Biskit ɗin da muke saya wa yara a kanti, sifar aikatau ce ta Latin ta zo har zaurenmu.

Irinsa suna da yawa, sifofin da suka zauna suka zama sunaye. Gelato da helado, daskararre. Soldato, soja, wanda ake biya soldo, wato kuɗi, daga nan Faransanci ya ari soldat. Pescado, kifin da aka kama, alhali mai rai a ruwa pez ne. Nevada, mai lulluɓe da ƙanƙara. Advocatus, wanda aka kira ya tsaya wa mutum, ya ba da sunan lauya, avvocato, abogado, advogado, a Faransanci kuma ya shigo sau biyu: avoué ta bakin mutane, avocat ta hanyar littafi. Matar ƙanena cognata ce a wurina. Tamacen ɗafa-ƙeyar, -ata, kuma ta buɗe nata gida: giornata, jornada, journée, yini da abin da ya ƙunsa, cucchiaiata, cucharada, cuillerée, cikin cokali. Waɗannan ba za su shiga cikin 200 ba, na ware musu shafuka a ƙarshen littafi.

Lahadi, 9 Fabrairu

Kati 151. Babu wuta tun rana, waya ta mutu, da littafin nahawu kaɗai na yi aiki.

Alhamis, 13 Fabrairu

Tambayar da na daɗe ina kauce wa: ta yaya sifa ta zama hanyar faɗin abin da ya wuce? Mu ba ma yin haka. Muna cewa na rubuta, ba ma taɓa rubutacce.

Misalin da ake bayarwa a Latin shi ne habeo epistulam scriptam. Na juya shi kalma-kalma sai ga shi ya fito Hausa tsaf: ina da wasiƙa rubutacciya. Scriptam sifa ce, tana bin wasiƙa a jinsi, kamar yadda rubutacciya take bi. Wanda ke da wasiƙa rubutacciya a hannu, galibi shi ya rubuta ta, to a hankali ma'anar ta zame daga mallaka zuwa aiki, "ina da" ya zama ɗan rakiya kawai. Daga nan kowane harshe ya yanke yadda zai yi da tsohuwar biyayyar. Sifaniyanci ya sake ta gaba ɗaya: he escrito la carta, la he escrito, ba ya motsi. Sai in an koma tener, aikatau na mallaka, take dawowa, tengo escritas tres cartas. Italiyanci yana cewa ho scritto la lettera, amma in wakilin suna ya riga, dole l'ho scritta. Faransanci ya riƙe ta duk inda karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ya gabaci aikatau, la lettre que j'ai écrite, dokar da ake danganta tsara ta ga mawaƙi Clément Marot a 1538, wanda ya zauna a Italiya ya kuma kafa hujja da yadda suke yi.

Da yamma na kai wannan gaban yaran da nake koya wa a gida. Wannan doka ita ce ta fi kayar da su a shifta, kuma shekara da shekaru ina ba su ita a matsayin abin haddacewa. Yau ban fara da Faransanci ba. Na rubuta riga, wando, takalma a allo, na ce su sa musu wanke. Nan take: wankakkiya, wankakke, wankakku. Na ce to a Faransanci ma haka ne, lavée, lavé, lavées ko lavés, illa dai su bakinsu ya cinye ƙarshen, hannu ne kawai ke tunawa. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wato e ɗin nan shi ne -iya?" Na ce shi ne.

Ina ganin mun daɗe muna wahalar da yaran nan. Muna koya musu abin da suke da shi a baki tun suna goye kamar wani sabon abu daga sama, don kawai ba ma yarda Hausa ta shigo aji.

Lahadi, 16 Fabrairu

Yau kuma Hausar ce ta nuna mini iyakar kwatancen. Cerrada ɗaya ce a Sifaniyanci, amma mu hanya uku muke bi. Una puerta cerrada, rufaffiyar ƙofa. La puerta está cerrada, ƙofa a rufe take. La puerta fue cerrada, an rufe ƙofa. In na bar rufaffe kaɗai a bayan kati, zan koya wa kaina da yara fassara mai tauri wadda ba wanda ke faɗi. Na ƙara layi na huɗu a baya: a rufe, a buɗe, a dafe, a rubuce. Kati 170 sai an bi su duka, aikin kwana uku ne.

Sifaniyanci na da wani rabo kuma tsakanin ser da estar, aikatau biyu na kasancewa. Está aburrido, ya gundura. Es aburrido, shi ne mai gundurar mutane. Akwai kuma sifofin da ƙirarsu ta wanda aka yi wa ce, ma'anarsu ta mai yi: un hombre leído mutum ne mai yawan karatu, callado mai shiru. Wannan bai ba ni mamaki ba, don wayayye da ƙwararre da tsayayye ba wani ne ya yi musu ba.

Na yi jan layi a ƙarƙashin kati biyu saboda haɗarinsu ga mai Faransanci. Embarazada a Sifaniyanci mai juna biyu ce, ba mai jin kunya ba. Fermato a Italiyanci tsayarwa ne, rufewa chiuso ce.

Asabar, 22 Fabrairu

Harshen Fotugal ya tsayar da ni. Aikatau da yawa suna da sifa biyu, doguwa da gajeriya: pagado da pago, entregado da entregue, acendido da aceso, aceitado da aceito, wanda a Fotugal kanta aceite suke cewa. Dokar littafi ita ce doguwa ta bi ter da haver, gajeriya ta bi ser da estar, amma masu harshen ba kullum suke bin ta ba, pago ya kusa cinye wurin duka. Ga kuma tenho falado, wanda ba ya nufin na yi magana sau ɗaya, yana nufin na yi ta magana a 'yan kwanakin nan. A Sifaniyanci abin da sauƙi, uku ne aka yarda da su ta fuska biyu: frito da freído, impreso da imprimido, provisto da proveído. Italiyanci ma yana da 'yan gajerun sifofi a gefen dogayen, stanco da stancato, sveglio da svegliato.

Na yanke shawara. Layin Fotugal zai tsaya a sifa ɗaya, in akwai ta biyu in sa ɗigo ja a gefe. Ba ni da wanda zan ji wannan harshe a bakinsa, kuma ba na so in cika kati da abin da ban iya tantancewa ba. Ƙarfina zai koma kan Italiyanci, wanda dominsa aka fara.

Laraba, 26 Fabrairu

Kati na 200 ya shiga gwangwani bayan sallar asuba: nascere, nato, né, nacido, nascido, a baya natus, haifaffe, haifaffiya, haifaffu. Abin da na kashe gaba ɗaya jika goma sha huɗu da 'yan kai, rabinsa na intanet.

Azumi ya ƙarato, ba zan yi sabon kati ba sai bayan salla. A cikin watan, kati goma kullum bayan sahur, da baki, kowanne in faɗe shi da namiji da tamace da jam'i biyu, har bakin ya saba. Yara kuma zan ba su shifta guda biyu kafin hutu, in gani ko darasin wankakkiya ya zauna. Bayan salla sai ɗaya ɗafa-ƙeyar, ta mai yin aiki, -ante da -ente, irin cantante da studente. Kwali uku zai isa, kuma wannan karon zan sa a rufe su da leda.

Jiya da dare na aika wa 'yar ƙanena saƙon murya. Na ce mata, "Sei tornata da scuola? Sei stanca?" Kin dawo daga makaranta, kin gaji? Da safe na tarar da amsarta, daƙiƙa shida. Ta ce, "Sì, Baffa, sono tornata." Sai ta ɗan tsaya, na ji uban yana raɗa mata wani abu daga gefe, ta ƙara da Hausa: "Na gaji. Ina kwana?"